Ɗan Farin Bukari Koma-ka-dawo

A unguwar da ke bayan kasuwar Malanville da wuya ka sami matar auren da ba ta taɓa ƙona miya saboda Bukari ba. Teburinsa na kayan miya yana ƙofar gidansa, ƙarƙashin wata rumfar kwano: gishiri, daddawa, kanwa, barkono, busasshiyar kuɓewa, man gyaɗa a kwalba. Kayansa masu kyau ne, awonsa ba cuta, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Matsalar ita ce, kafin yaro ya karɓo gishirin dala biyar sai ya ci jarrabawa.

Yaro zai zo da gudu, uwarsa ta ɗora tukunya, ya miƙa kuɗi yana haki. Bukari ba zai ko dubi hannun ba.

"Kai ɗan wa na? Gidanku ba a sallama? Koma ka dawo."

Komawar kuwa ba ta wasa ba ce. Sai yaro ya je har gindin dogon yaron da ke bakin hanya, ya juyo a hankali, ya yi sallama daga nesa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali da kasuwa, idonsa a ƙasa. In ya miƙa kuɗi da hagu, ya koma. In ɗan Dendawa ne ya ce fofo ya tsaya, Bukari ya ce gaisuwar guntuwa ce, a je a ƙaro. An yi wata yarinya da ta je gindin bishiyar nan sau biyar a kan kanwa, har uwarta ta biyo sawu da muciya a hannu tana masifa. Ita ma Bukari ya ce ta fara yin sallama tukuna. Daga ranar sunan ya manne masa, Bukari Koma-ka-dawo, kuma bai taɓa jin haushinsa ba, don a ganinsa sarauta ce.

Haifaffen garin ne. Mahaifinsa mutumin Kamba ne, ya zo cin kasuwa ɗaya da buhunan gero, ya ga kogi ya ga shinkafa, ya manta hanyar gida. Bukari bai yi nisa a allo ba, a lakwal ma, wato boko, shekara biyu ya yi Faransanci ya kore shi. Ya gwada dakon albasa bayansa ya ƙi, ya gwada bin kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Parakou amai ya dawo da shi. Sai da ya kafa tebur sannan ya gano baiwar da Allah ya yi masa, wato hango aibin 'ya'yan mutane tun daga nesa. Ilimi ne da ba ya buƙatar takarda, kasuwarsa kuma ba ta mutuwa.

Ba a yin suna a unguwar bai tashi bayan addu'a ya yi wa uban jariri huɗuba ba, ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba.

"Tarbiyya bisa wuyan uwaye take," in ji shi, goro cike da kunci. "Icce tun shina ɗanye a ka tanƙwara shi. Duk yaron da kag gani ya lalace, kada ka zage shi, tahi ka nemo uban."

Mutane su ce gaskiya ne, Malam Bukari, suna kallon tabarma don kada dariya ta kuɓuce musu. Kowa a wurin ya san Latifu.

Latifu ɗan farinsa ne. Ɗan fari kuwa abin kunya ne ga iyayensa: ba sa kiran sunansa, ba sa yi masa wasa, ba sa nuna sun san da zamansa in da mutane. Al'ada ce mai kyau inda aka yi ta da hankali, domin waɗanda suka kafa ta ba wawaye ba ne. Da an yaye yaron sai a miƙa shi ga baffa ko goggo, wanda ba ruwansa da kunya, ya ja masa kunne, ya nuna masa hannun da ake cin tuwo da shi. Bukari ya ɗauki rabin al'adar, rabin da ba ya sa gumi, ya riƙe gam. Ƙanensa Idrisu ya yi alkawarin karɓar yaron, amma kafin yaye ya sami aikin tuƙi ya gangara Kwatano, daga nan sai gaisuwa a bakin direbobi. Latifu ya faɗa hannun kakarsa Larai, wadda ɗakinta ke cikin gidan. Jika kuwa abokin wasa ne. Tsohuwa ta kira shi angonta, ya zage ta ta yi dariya, ya sa hannu a kwanonta ta ce ai miji ne, haƙƙinsa ne. Ta rasu yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ta bar shi da ƙoshi da baki.

Akwai ranar da wani baƙo ya zo daga Guéné, aka kawo musu tuwo da kan kifi. Latifu ya shigo ba sallama, ya sa hannun hagu ya ɗauke kan kifin, ya fita yana tsotsa. Baƙon ya dubi Bukari. Bukari ya dubi sama, ya tambaye shi ko ruwa ya sauka a wajensu.

Da yaron ya tasa, dattawan unguwa suka fara kawo ƙara.

"Malam Bukari, yaron ga hwa ya ƙetare mu da takalmi muna zaune, shina hito da baki."

"Wane yaro?"

"Naka."

"Subhanallahi. Ni ba ni shiga maganar wanga. Da kunya."

Ƙannen Latifu mata uku sun sha zuwa gindin dogon yaro kamar kowa, har aka kai su gidan miji suna gaisuwa da gwiwa biyu. Shi kaɗai ke shiga yana fita ta gaban teburin, ba wanda ya ce masa ci kanka. Bukari kuma, maimakon abin ya dame shi, da shi yake taƙama. Yakan ce shekara ashirin da biyar ke nan bakinsa bai kama sunan yaron ba, a nuna masa mai kunya irin wannan daga nan har Kandi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma ba a taɓa ganin wanda ya taka nasa da ƙarfin Bukari ba.

Latifu ya girma ya zama ɗan kabu-kabu. Tun da aka rufe gadar kan iyaka mutanen Gaya, garin da ke ƙetaren kogi, suka koma ƙetarowa da jirgin ruwa, bakin kogi ya zama tasha, shi kuma yana cikin masu kwasar fasinja daga nan zuwa kasuwa. A faɗi gaskiya, ba ɓarawo ba ne, ba ya shaye-shaye, ba ya barin salla, kuma ba rago ba ne. Gaisuwa ce dai babu, bakinsa kuma ba linzami. In ya dawo gida yakan kashe babur dab da teburin, hayaƙi ya turnuƙe daddawar, ya shige. Bukari ya kaɗe hayaƙin da hula ya ci gaba da yi wa ɗan maƙwabta gyaran durƙuso.

Ana haka Latifu ya ga Husna, 'yar Maigandi dillalin busasshen kifi, ita ma ta gan shi ta ce ta ji ta gani. Gidan Maigandi gida ne da ake misali da shi a garin. Idrisu ya zo hutu, aka haɗa shi da dattawa biyu suka kai goron tambaya, Maigandi ya karɓa ya ce a ba shi kwanaki. Bukari bai ce uffan ba, saboda kunya, amma a ransa ya riga ya hau doki. In gida irin wannan ya ba ɗansa mata, duk bakin da ke gulmarsa a gidajen suna ya rufu ke nan har abada. Ya ba tela ɗinkin babbar riga, ya fara shirya huɗubar da zai yi ranar ɗaurin aure.

Ranar wata Alhamis da hantsi sai ga Maigandi da kansa a rumfar. Ya yi sallama daga nesa, ya yi gaisuwa cikakkiya, don shi ma ya san inda ya zo. Bukari ya share masa benci. Maigandi ya zauna ya daɗe yana juya carbi.

"Malam Bukari, ka san Husna ɗiyar hwarina ta. Ba ni nir riƙe ta ba. Yayata Sabuwa, can Gaya, ita tar riƙe ta tun yaye, don haka maganar aurenta hannunta take."

"Haka ya kamata," in ji Bukari. "Haka munka iske ana yi."

"To jiya ta ƙetaro. Ba ta shaida ma kowa ba. Ta ce so take ta ga yaron da idonta tun bai san ko ita wa ta ba. Da ta sauka jirgi tat tambaya, anka nuna mata shi, tah hau babur nai."

Maigandi ya zayyana masa komai, a hankali, ba ɗaga murya, wanda ya fi zagi zafi. Tsohuwa ta yi sallama, Latifu ya ce ta hau in za ta hau. Ya karɓi ƙullin kayanta da hagu ya cusa a gaba. A hanya bai bar rami ko ɗaya bai faɗa ba. Da ta ce ya sassauta, ya ce in tsoron mutuwa take yi ta sauka ta taka da ƙafa. Da ta tambaye shi ɗan wane gida ne, ya ce ina ruwanta da ubansa, shi zai kai ta kasuwa? Ya sauke ta a cikin taɓo gaban 'yan kifi, ya ja babur tun ba ta gama gyara mayafi ba.

"Ta ce a mayar da goro," in ji Maigandi. "Ni nir roƙe ta, saboda yarinyar ta kwan tana kuka. Ran Lahadi da sahe za ta koma Gaya. Ta ce in yaron na da uba, uban shi kawo shi bakin kogi ta ƙara ganin shi. In ba shi da, shi ke nan."

Bayan tafiyar Maigandi yara uku suka zo sayen gishiri, ba wanda ya yi sallama, Bukari ya auna musu suka tafi suna waiwaye.

Kwana uku gare shi ya koya wa ƙato mai gemu yadda ake gaida babba. Mutumin da ya horar da unguwa guda, wannan ai ba aiki ba ne, in da zai iya buɗe baki. Ya fara da matarsa Zeinabu, ya ce ta yi wa yaron nan magana.

"Ni?" in ji Zeinabu, ta ja gefen zane ta rufe fuska. "Ni da nih haihe shi? Malam, ka rufa min asiri."

Ita ma kunyar ce, irin tasa, shekara ashirin da biyar suna miƙa wa juna ita kamar kwanon aro. Ya kira Idrisu a waya, Idrisu ya ce yana hanyar Parakou da kaya, iyakar abin da zai iya shi ne ya gaya wa yaron ya je bakin kogi ran Lahadi. Ranar Juma'a da la'asar Latifu ya fito da bokiti yana wanke babur a ƙofar gida, taku biyar daga teburin. Bukari ya gyara murya har sau uku. Sunan ya zo masa maƙogwaro ya tsaya. Da ya rasa yadda zai yi sai ya juya ya fuskanci babur ɗin.

"A hwaɗa ma masu abin hawa," in ji shi da ƙarfi, "tsohuwa ba buhun albasa ba ta. In mutum ya iske babba, takalmi a ka hwara tuɓewa."

Latifu bai ɗago ba, ya ci gaba da goge ƙafar baya. Ranar Asabar Bukari ya maimaita darasin ga akuyar Zeinabu, ya yi mata bayanin hannun dama da hannun hagu, har ya durƙusa ya nuna mata. Akuya ta saurara fiye da yadda ɗan ya saurara. Da yamma ya zauna a rumfa, tsoro ya kama shi na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ga rigar da ke wurin tela, ya ga kansa a gidan suna na gaba yana tashi tsaye ana dariya a fili.

Ran Lahadi ya tafi bakin kogi da ƙafa, don ba zai hau bayan ɗan fari ba, da kunya. Wurin ya cika maƙil: 'yan jirgi na kiran fasinja, 'yan dako na sauke buhuna, ga mata masu ɗauke da kwanduna. A cikinsu ya hango matan unguwarsu sun fi goma, waɗanda ba abin da ya kawo su kogi da safen nan in ba labarin da ya riga shi isowa ba. Sabuwa na zaune a kan wani kifaffen kwale-kwale, 'yar tsohuwa ƙarama mai ido kamar na shaho, Maigandi na tsaye a gefenta. Bukari ya gaishe ta ya koma gefe yana addu'a a ɓoye.

Sai ga ƙarar babur. Latifu ya kashe shi tun daga nesa. Ya sauka, ya cire hular kwano, ya tako a hankali ya yi sallama. Ya tuɓe takalmi a kan yashi mai laima, ya durƙusa da gwiwa biyu, idonsa a ƙasa.

"Goggo, ina kwana. An tashi lahiya? Ina gajiyar hanya? Yaya munka iske mutanen gida? Yaya ƙarhin jiki? Goggo, na yi miki laihi ran Laraba, laihi babba. Ba ni da hujja. Don Allah ki gahwarta min."

Ya sa hannu biyu ya ɗauki ƙullin kayanta ya ɗora a cinyarsa, don kada ya taɓa ƙasa. Ba inda ya yi tuntuɓe. Ko Bukari da kansa bai isa ya sami abin gyara ba. Matan unguwa suka dubi juna. Bukari ya ji ƙirjinsa ya buɗe, ya matso gaba yana gyara hula, kunyar ma ta ɗan ba shi hutu.

"To kin gani, Hajiya," in ji shi, yadda har 'yan jirgi za su ji. "Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe. Abin gida na. Ƙuruciya ta dai tas sa..."

Sabuwa ba ta ko dube shi ba. Yaron take kallo.

"Kai, ɗago. Ashe ka iya?"

"Na iya, Goggo."

"Wa yak koya maka?"

"Ba kowa. Ɗakin kakata shina jingine da rumfar Baba. Tun ina ƙarami ni kan ji shi shina koya ma ɗiyan mutane, ni kan yi ta maimaitawa ni ɗaya cikin ɗaki."

"To kai da ka iya, mi yah hana ka yi?"

Da Latifu ya yi magana, muryarsa ba ta ɗan kabu-kabu ba ce.

"Jira nike a ce in yi. Ina ƙarami ni kan wuce gaban tebur da takalmi da gangan, ko za a tsai da ni a yi min hwaɗa awa kowa. Daɗai ba a tsai da ni ba. Sai niz zaci ladabi na ɗiyan da anka damu da su na."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, har matan da suka zo dominta. Bukari ya buɗe baki ya ce ai al'ada ce, ai kunya ce, amma maganar ta fito ƙarama, ba ta kai ko kwale-kwalen ba. Abin da ya fi ci masa rai, ya nemi wanda zai ɗora wa laifin a cikin taron nan duka, kamar yadda ya saba, bai samu ba.

Sabuwa ta miƙe, Latifu ya riƙe mata hannu har bakin jirgi, ya shimfiɗa mata kayanta. Sai da ta zauna ta gyara mayafi sannan ta kira ƙanenta.

"Maigandi, a bar goro. Yaron ga na karɓe shi, a sa rana."

Bukari ya ce alhamdu lillahi, ya ɗaga hannu zai fara godiya mai tsawo. Tsohuwa ta juyo ta dube shi, karo na farko tun da ya iso.

"Malam, ba ni ƙare ba. Sharaɗi guda na. In Allah ya ba su haihuwa, ɗan hwarinsu ranar da anka yaye shi Gaya za a kawo min. In na mutu a kai ma ɗiyata. Ba shi kwana gidanka."

Ɗan jirgi ya tura gora, jirgi ya bar gaci. Latifu ya sa takalmansa, wata mata mai kwando ta kira shi, ya ce mata sannu Inna, ya karɓi kwandon da hannu biyu. Bukari na nan tsaye a kan yashi, hannunsa a sama inda ya bar shi, matan unguwa suna wucewa ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta durƙusa har ƙasa ta yi masa barka da arziki.